Tarihin Sir Walter Scott, Ɗan Rainon Ƙauye (1771-1832)

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa tarihin ƙagaggun labarai na Turai zai ci karo da sunan Walter Scott, domin shi ake danganta wa assasa irin ƙagaggen labarin nan da ake ginawa a kan tarihi. Wasunmu ma sun haɗu da shi tun a sakandare, ta hanyar taƙaitaccen bugun littafinsa Ivanhoe. A wannan ɗan rubutu na fi mayar da hankali ga ƙuruciyarsa a karkarar ƙasar Sikotlan, saboda a can ne na ga abin da ya shafe mu, mu masu nazarin harshe da adabin baka. Da kunne mutumin nan ya fara koyon tarihi, a bakin kakarsa da gwaggonsa da wani tsohon makiyayi, kuma kusan kowane labari da ya ji yana da dutse ko kogi ko kango da za a nuna masa da yatsa. Wannan haɗi na labari da wuri shi ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya jefa shi cikin bashin da ya cinye ƙarshen rayuwarsa.

Haihuwarsa da ciwon ƙafa

An haifi Walter Scott ranar 15 ga watan Agusta, 1771, a wani lungu da ake kira College Wynd a tsohon birnin Edinburgh, babban birnin Sikotlan. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Walter, lauya ne mai tsananin riƙo da addini. Mahaifiyarsa kuwa, Anne Rutherford, 'yar wani farfesan likitanci ce a Jami'ar Edinburgh. Lungun ƙuntatacce ne, ba iska, ga ƙazanta, kuma 'ya'ya shida na gidan sun mutu tun suna ƙanana. Yana da wata 18 a duniya zazzaɓi ya kama shi, da ya sauka sai aka tarar ƙafarsa ta dama ta shanye. Likitocin yau sun ce shan inna ne. A wancan zamani babu wanda ya san maganin cutar, don haka kakansa likita ya ba da shawarar a kai yaron ƙauye ko iska mai kyau za ta yi abin da magani ya kasa.

A shekarar 1773 aka kai shi Sandyknowe, gonar kakansa na wajen uba, Robert Scott, wajen mil 30 kudu maso gabas da Edinburgh, a yankin kan iyakar Sikotlan da Ingila. Mutanen gona su ma suna da nasu maganin. Duk ran da aka yanka tunkiya, sai a tuɓe yaron a naɗe shi cikin fatar tun da ɗuminta. A ɗan tarihin ƙuruciyarsa da ya rubuta a 1808, Scott ya ce yana iya tuna kansa kwance a ƙasa cikin wannan fata mai ƙarni, kakansa da wani tsohon soja ɗan'uwansu suna lallashinsa ya yi rarrafe, sojan yana jan agogonsa a kan shimfiɗa don yaron ya biyo. Akwai ma wani abin tsoro da ya auku. Yarinyar da aka aiko daga birni ta yi rainonsa ta ƙagu ta koma, hankalinta ya taɓu, har ta faɗa wa mai kula da gidan cewa zuciyarta ta raya mata ta hallaka yaron a kan duwatsu. Nan take aka sallame ta.

Sandyknowe da hasumiyar Smailholm

Sai mai karatu ya san wurin kafin ya fahimci mutumin. A bayan gidan gonar akwai wasu duwatsu, a kansu kuma akwai wata tsohuwar hasumiya ta dutse mai suna Smailholm, wadda aka gina tun ƙarni na 15. Doguwa ce, mai kaurin bango da ƙananan tagogi, kuma wanda ya tsaya a gindinta yana hango tsaunukan Eildon masu kai uku da kwarin kogin Tweed, har zuwa tsaunukan Cheviot da suka raba ƙasashen biyu. Irin waɗannan hasumiyoyi sun cika yankin, domin shekaru ɗari uku ko fiye mutanen kan iyakar nan sun rayu ne da hari. Dangi guda sai su hau dawaki da dare su tsallaka su koro shanun wasu, su ƙone gidaje, gobe kuma a rama. Abin bai lafa ba sai bayan 1603, lokacin da Sarki James na Shida na Sikotlan ya gaji sarautar Ingila, iyakar ta zama tsakiyar mulkin mutum ɗaya.

Dangin Scott suna cikin manyan maharan nan. Kakarsa, Barbara Haliburton, tana zaune bakin murhu tana ba shi labarin kakan kakanninsa Wat na Harden, wanda aka ce idan abinci ya ƙare a gidansa sai matarsa ta kawo akushi a rufe, a buɗe a tarar da ƙaimin sukuwa a ciki, wato lokacin fita hari ya yi. Ya kuma ji labarin kakan mahaifinsa, wanda ya yi rantsuwa ba zai aske gemu ba sai an mayar da gidan sarautar Stuart kan karaga, ya kuwa mutu da gemunsa. Wani manomi mijin gwaggonsa ya ga da idonsa yadda aka kashe magoya bayan gidan Stuart a garin Carlisle a 1746, bayan an murƙushe tawayensu a yaƙin Culloden, kuma daga bakinsa yaron ya fara jin wannan labari. A lura, shekara 25 kacal ke tsakanin wannan yaƙi da haihuwar Scott. Tarihin da wasu za su karanta a littafi, shi a bakin shaidu ya same shi.

Idan rana ta yi kyau, wani tsohon makiyayin gonar mai suna Sandy Ormiston yakan saɓa shi a kafaɗa ya kai shi kan duwatsu ya ajiye shi cikin tumaki. A can yaron ya fara ƙoƙarin tsayawa, sannan tafiya da ɗingishi. An ruwaito cewa wata rana aka manta da shi a can har hadari ya taso, gwaggonsa ta ruga nemansa ta tarar da shi kwance rigingine yana tafa hannu duk lokacin da aka yi walƙiya. Gwaggon nan, Janet, wadda ake kira Jenny, ba ta taɓa aure ba, kuma ita ce ta koya masa karatu, tana karanta masa tsofaffin waƙoƙi har ya haddace.

A nan akwai wani abin ban dariya da ya dace ɗalibin adabin baka ya sani. Waƙar farko da yaron ya haddace, yana rera ta da ƙarfi har ya hana limamin cocin ƙauyen hira in ya zo gidan, sunanta Hardyknute. An buga ta a 1719 a matsayin waƙar mutanen da, amma daga baya aka gane cewa sabuwa ce aka yi wa rigar tsufa, kuma wata mata mai suna Lady Wardlaw ake danganta wa ita. Wato tun ran farko abin gado da abin kwaikwayo suka shiga kunnen Scott a cakuɗe, haka kuma suka zauna a aikinsa har ƙarshe.

Kakansa ya rasu a 1775. A shekarar nan gwaggo Jenny ta kai shi garin Bath a Ingila don wankan ruwan ɗumi, suka yi kusan shekara, ƙafa ba ta warke ba. A 1779 aka sa shi babbar makarantar Edinburgh. Bai yi fice a aji ba, amma in aka tashi, yara sukan kewaye shi don jin labari.

Kelso

A 1783, kafin ya shiga jami'a, ya yi wata shida wajen gwaggonsa a garin Kelso, inda kogin Teviot ya haɗu da Tweed. Shi da kansa ya ce a nan ne son kyawun ƙasa ya farka a zuciyarsa, kuma bai taɓa iya raba shi da tarihi ba: ga mahaɗar koguna biyu da suka shahara a waƙa, ga kangon tsohon gidan sufaye, ga kufan ganuwar Roxburgh. A lambun gwaggonsa, ƙarƙashin wata babbar bishiya, ya fara karanta tarin tsofaffin waƙoƙin da Bishop Thomas Percy ya buga a 1765, ya shagala har ya manta da abinci. Abin da ya girgiza shi shi ne ganin cewa waƙoƙin tsofaffi irin na bakin murhu, babban malami ya ɗauke su da daraja har ya yi musu sharhi. A makarantar Kelso kuma ya yi abota da wani yaro, James Ballantyne, wanda daga baya ya zama mai buga masa littattafai. Mai karatu ya riƙe wannan suna.

Ya shiga Jami'ar Edinburgh yana ɗan shekara 12, a 1786 ya fara koyon aiki a ofishin mahaifinsa, a 1792 ya zama cikakken lauya. Ya nemi wata yarinya, Williamina Belsches, ta auri wani mai banki, abin ya daɗe yana cinsa. A watan Disamba 1797 ya auri Charlotte Charpentier, 'yar asalin Faransa. A 1799 aka naɗa shi alƙalin gundumar Selkirk a kan albashin fam 300 a shekara, aikin da ya mayar da shi yankin da ya fi so.

Farautar waƙoƙi

Tun daga 1792, shekara bakwai a jere, Scott yakan ɗauki hutu ya shiga kwarin Liddesdale tare da abokinsa Robert Shortreed. Kwarin yana dab da iyaka, ba masauki, ba hanyar da keken doki zai bi, sai dai su kwana yau a gidan makiyayi, gobe a gidan limamin coci. Gurgun yaron nan ya zama ƙaƙƙarfan mutum mai iya yini a kan doki ko ya taka mil 20 zuwa 30 da sanda. Abin da suke nema shi ne waƙoƙin labari, na hari da na ramuwar gayya da na aljanu, waɗanda suka rage a bakin tsofaffi. Shortreed ya ce a lokacin bai cika ganin Scott yana rubutu ba, ƙwaƙwalwarsa ce littafinsa.

Sakamakon wannan yawo shi ne Minstrelsy of the Scottish Border, tarin waƙoƙin kan iyaka. Ballantyne ya buga juzu'i biyu a Kelso a 1802, na uku ya fito a 1803. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Akwai John Leyden, ɗan makiyayi, masanin harsuna, wanda aka ce ya taɓa taka fiye da mil 40 ya dawo don kawai ya samo ragowar wata waƙa a bakin wani tsoho. Akwai William Laidlaw, manomi, da James Hogg, makiyayin Ettrick, wanda shi ma ya zama babban marubuci.

Mahaifiyar Hogg, Margaret Laidlaw, tana cikin waɗanda suka rera wa Scott waƙa, kuma ɗanta ya ruwaito cewa ta yi masa faɗa a fuskarsa. Ƙorafinta shi ne waƙoƙin nan don rerawa aka yi su, shi kuwa ya mayar da su abin karantawa, ya karya musu lago, daga yanzu ba mai sake rera su. Ta ƙara da cewa ko rubutun ma bai yi daidai ba. A ganina tsohuwar nan ta faɗi abin da ya kamata kowane ɗalibi ya ji kafin ya ɗauki rikoda ya fita aikin fili. Waƙar baka tana da murya da karin sauti da lokacin da ake yin ta da mutanen da ake yi wa, takarda kuwa kalmomi kawai take iya ɗauka.

Ƙorafinta na biyu ma yana da tushe. Scott yakan samu waƙa ɗaya ta baki uku ko huɗu, sai ya tsinci baitin da ya fi masa daɗi daga kowanne ya haɗa, inda ya ga giɓi ya cike, inda ya ga rauni ya gyara. Abin da ya fito waƙa ce mai kyau, amma babu wani mutum guda da ya taɓa rera ta haka. Har yau masana suna zargin cewa yawancin waƙar Kinmont Willie daga alƙalaminsa ta fito. Shi ma an yi masa irin ta: wani masanin tarihi na yankin Durham, Robert Surtees, ya aiko masa da waƙoƙin da shi ya ƙirƙira, ya ce daga bakin tsofaffi ya same su, Scott ya buga su da sharhi, gaskiya ba ta fito ba sai bayan rasuwarsa. Da a yau ɗalibi zai yi wa matani irin wannan kwaskwarima a kundin digirinsa, da mai duba shi bai sa hannu ba. Amma kuma ban ga yadda za a yi a ƙi gode masa ba, domin da yawa daga waƙoƙin nan da sun bi masu su kabari. Duk wanda ya taɓa buɗe Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, ya san wannan hali: kana godiya da abin da aka adana, kana kuma tambayar abin da ya zube tsakanin bakin mai faɗa da takarda.

Ashestiel da Mungo Park

A 1804 Scott ya koma wani gida mai suna Ashestiel a bakin Tweed, kuma a nan tarihinsa ya ɗan taɓa namu. Maƙwabcinsa ta bayan tsauni shi ne Mungo Park, sa'ansa, wanda shi ma aka haifa a 1771 a gonar Foulshiels a bakin kogin Yarrow, kuma ya riga ya yi tafiyarsa ta farko zuwa kogin Kwara. Wata rana Scott ya same shi a bakin Yarrow yana jefa duwatsu cikin ruwa yana kallon kumfa. Park ya bayyana masa cewa haka yake gane zurfin kogi a Afirka kafin ya tsallaka, ta lura da tsawon lokacin da kumfar za ta ɗauka kafin ta taso. Daga nan Scott ya gane cewa abokinsa zai koma. Ya raka shi kan tudu suka rabu, Park ya tashi a farkon 1805, ya kuma mutu a kogin Kwara a Busa a 1806, wurin da tafkin Kainji ya rufe a 1968.

Shekarun Ashestiel su ne na dogayen waƙoƙinsa na kansa: The Lay of the Last Minstrel a 1805, Marmion a 1808, The Lady of the Lake a 1810. Na ƙarshen ya sayar da fiye da kwafi 20,000 cikin shekara guda, ya kuma sa masu yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa zuwa tafkin Katrine don su ga wuraren da aka ambata. A 1806 ya sami ƙarin muƙamin magatakarda a babbar kotun Edinburgh.

Ƙagaggun labarai

Da tauraron Byron ya fito a fagen waƙa, sai Scott ya juya ga zube. A watan Yuli 1814 Waverley ya fito ba tare da sunan marubuci ba. Labarin wani saurayi ne Ba'ingile da ya tsinci kansa cikin tawayen 1745, kuma kayan aikin duk daga ƙuruciya suka zo, har da hirar da ya sha yi da Alexander Stewart na Invernahyle, wani tsoho da ya yi yaƙin da hannunsa, wanda mahaifin Scott ke yi wa aikin lauya. Daga nan littattafai suka yi ta zuba: Guy Mannering a 1815, The Antiquary da Old Mortality a 1816, Rob Roy a 1817, The Heart of Midlothian a 1818, Ivanhoe a ƙarshen 1819. Bai amsa a bainar jama'a cewa shi ne marubucinsu ba sai a 1827.

Abin da ɗalibin harshe zai lura da shi shi ne rabon aiki tsakanin harsuna biyu. Mai ba da labari da manyan jarumai da daidaitaccen Ingilishi suke magana, amma manoma da mabarata da tsofaffin mata da bayin gida da harshen Scots suke yi, wato harshen da Scott ya ji a Sandyknowe. Jaruman sau da yawa ba su da gishiri, ni dai nakan ƙosa su gama magana. Da zarar talaka ya buɗe baki sai shafin ya farfaɗo. A The Heart of Midlothian ma 'yar mai kiwon shanu ce, Jeanie Deans, ta zama jaruma, ta taka daga Edinburgh zuwa Landan don nema wa ƙanwarta afuwa. Mutum mai ra'ayin riƙau, mai son sarauta da manyan gidaje, shi ne ya bai wa harshen talakawa mafi kyawun wuri a littattafansa, kuma ina jin kunnen yaron bakin murhu ne ya rinjayi ra'ayin babban.

Inda kunnen bai kai ba kuwa, aikin yakan yi rauni. Scott mutumin kudu ne, bai iya Gaelic ba, harshen mutanen tsaunukan arewa. A 1822, lokacin da Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinburgh, Scott ne ya shirya bikin, ya cika gari da tufar mutanen tsaunuka, wato guntun zanen nan mai gidan dara da maza kan ɗaura zuwa gwiwa, har sarkin ma ya ɗaura. Tun daga nan duniya ta ɗauki wannan tufa a matsayin alamar Sikotlan baki ɗaya. A daidai waɗannan shekaru kuwa masu filaye suna korar ainihin masu tufar daga gonakinsu don a saki tumaki. Wannan yana cikin abin da masu sukarsa ba su yafe masa ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Abbotsford

A 1811 ya sayi wata 'yar gona mai kimanin eka 110 a bakin Tweed kusa da Melrose, a kan fam 4,200. Sunanta Cartley Hole, amma maƙwabta sun lauya sunan ya koma ramin taɓo. Ya sake mata suna Abbotsford, wato mashigin shugaban sufaye, saboda sufayen Melrose a nan suke tsallaka kogi a da. Ko a zaɓen suna ma sai da ya nemo tarihi.

Daga nan ƙishin ƙasa ya kama shi. Duk gonar da ke maƙwabtaka sai ya saya, masu gona kuwa da suka gane rauninsa sai suka riƙa tsawwala kuɗi, musamman in an ce an taɓa yaƙi a wurin ko wata waƙa ta ambace shi. Cikin 'yan shekaru fili ya kai wajen eka 1,400. Ya dasa dubban itatuwa, yana yini cikinsu da gatari tare da Tom Purdie, mutumin da aka fara kawowa gabansa a kotu bisa laifin farauta a filin wani, shi kuwa ya ɗauke shi aiki. Ya rushe gidan gonar ya gina wani katafaren gida mai kama da fadar da, aka gama a 1824. Ya cusa ƙofar tsohon kurkukun Edinburgh a jikin bango, ya tara takubba da sulke da bindigar Rob Roy da littattafai dubbai. A 1820 aka ba shi sarautar da ta sa ake kiransa Sir. Ina ganin abin da yake ginawa shi ne Smailholm tasa ta kansa, yana son ya zama uban dangi mai ƙasa kamar Wat na Harden, sai dai shi da alƙalami yake nasa harin.

Kuɗin ginin yawanci na littattafan da bai riga ya rubuta ba ne. Tun 1805 ya shiga hannun jari a asirce a maɗaba'ar Ballantyne, kuma maɗaba'ar da kamfanin Archibald Constable mai fitar da littattafansa sun daɗe suna tsaya wa juna a takardun bashi. A ƙarshen 1825 kasuwar kuɗi ta Landan ta rikice, wakilan Constable na can suka karye, suka ja Constable, shi kuma ya ja Ballantyne. A watan Janairu 1826 Scott ya wayi gari da bashin da ya haura fam 120,000. Albashinsa na muƙamai biyu a haɗe fam 1,600 ne a shekara, wato ko da bai ci ko kwabo ba sai ya shekara 75 yana biya.

Biyan bashi da rasuwarsa

Doka ta ba shi hanyar da zai bayyana karyewa ya biya wani kaso ya huta, abokai kuma sun yi tayin taimako. Ya ƙi duka biyun. Ya sa hannu a yarjejeniyar cewa duk abin da alƙalaminsa ya samo na masu bin bashi ne. Aka sayar da gidansa na Edinburgh. Abbotsford ta tsira saboda ya riga ya rubuta wa ɗansa ita lokacin aurensa a 1825. A watan Mayu 1826 matarsa ta rasu. Yana ɗan shekara 54, ya zauna rubutu tun asuba kamar ɗan ƙodago, ya fitar da tarihin Napoleon mai juzu'i 9 a 1827, kuma cikin shekara biyu ya tara wa masu bashi kusan fam 40,000. A 1830 suka mayar masa da ɗakin karatunsa da kayan gidan kyauta.

Cikin ayyukan wannan lokaci wanda ya fi taɓa ni shi ne Tales of a Grandfather, tarihin Sikotlan da ya rubuta wa jikansa John Hugh Lockhart, yaro mai ciwon ƙashin baya. Yakan ɗora shi a kan ɗan doki su zaga cikin itatuwan Abbotsford yana ba shi labarin da baki, in ya ga yaron ya fahimta sai ya je ya rubuta. Yaron ya rasu a ƙarshen 1831 yana da shekara 10.

Jiki bai jure ba. Daga 1830 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya fara taɓa shi, ya kuma sake dawowa. A 1831 ya fito yana adawa da gyaran dokar zaɓe, talakawan Jedburgh, a yankin da ya ƙare rayuwarsa yana wa waƙa, suka yi masa ihu a titi. A watan Oktoba na shekarar gwamnati ta ba shi wuri a jirgin ruwan yaƙi ya tafi Malta da Italiya neman sauƙi, amma hankalinsa yana gida. Aka dawo da shi a watan Yuli 1832 kwance cikin keken doki, kusan bai san inda yake ba. Surukinsa John Gibson Lockhart, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce da suka gangaro kwarin Gala sai ya fara kiran sunayen wurare, da ya hango tsaunukan Eildon da rufin Abbotsford kuwa sai da aka rirriƙe shi kada ya faɗo.

Ya rasu a Abbotsford ranar 21 ga watan Satumba, 1832, yana da shekara 61. An binne shi kusa da matarsa a kangon gidan sufaye na Dryburgh, 'yan mil kaɗan daga Sandyknowe. Filin Dryburgh a da na dangin kakarsa Barbara Haliburton ne, ya fita daga hannunsu tun kafin Scott ya girma, abin da ya rage wa zuriyarta kawai shi ne haƙƙin a binne su a can. Ragowar bashin kuwa an gama biyansa a 1847, bayan an sayar wa mai ɗab'i Robert Cadell haƙƙin mallakar littattafansa.